Damin Geron Hajiya Ige

Garin Isa, Lahadi da dare

Yau aka yi godiyar kaka a coci, kowa da daminsa. Ni ko zangarniya ban yanka ba, don tun da 'yan bindiga suka kashe mijina a gona ban sake taka ta ba. Na ce ba ni zuwa. Godiyar me za ni yi?

Sai ga maƙwabciyata Hajiya Ige da damin gero a ka. Ta ce, "Tashi ki kai, Maman Rifkatu. Wanda ya ba ni, shi za ki ba."

Na kai, ana waƙa ina kuka.

Ubangiji, ban huce ba, Mulkinka ya daɗe bai iso ba. Amma na zare zangarniya biyu na ɓoye. Irin baɗi ne.