Amsar da Ka Ba Kwamiti

Landan, 9 ga Maris, 1947

Zuwa ga ƙanena Cuthbert,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana cikin ƙoshin lafiya, Allah ya tsare ka daga zazzaɓin ƙasar da kake aiki. Mu nan sai godiya, in ka cire sanyin bana da ƙarancin kwal na ɗumama gida. Ƙafar Gwaggo Maud ta yi sauƙi, har ta koma layin nama tana faɗa da mahauci. Matarka Enid lafiya lau, 'yarka Rosalind kuma ta cika shekara huɗu, surutu kamar uwarta.

Yanzu ga abin da ya sa na ɗauki alƙalami, kuma raina a ɓace yake. Ka san kwamitin duba albashi da yanayin aikinku na ƙasashen mulkin mallaka a ofishinmu yake zama, ni ce mai buga musu takardu. Takardun tambayoyin da aka aika muku sun dawo, taka kuma ta biyo ta hannuna. An tambaye ka ko rabuwa da iyali tana damunka, da ko kana son gwamnati ta biya wa mata da yara kuɗin jirgin ruwa su zo gare ku. Kai da hannunka ka rubuta wai babu abin kuka, ana lallaɓawa. Haba Cuthbert! Ba kai ne kake cika wa Enid shafi huɗu da kewa duk wata ba? Kuma ba kai kaɗai ba ne, kusan dukanku haka kuka yi, kowa na gudun a ce ya cika raki. Wannan cije leɓen da ɓoye damuwa da aka koya muku a makarantar kwana ya cuce mu.

Shugaban kwamitin, wani tsoho mai barci bayan abincin rana, ya ce tunda masu abin ba su koka ba, shi ba zai ari bakinsu ya yi musu kuka ba. Ban ga laifinsa ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo, amma in ya ce ba ya yoyo, wa zai hau masa rufi? An ɗan taɓa albashi, an soke maganar jirgi, kuma bakin alƙalami ya bushe.

Enid ba ta sani ba. Ta ɗinka wa Rosalind riguna marasa nauyi, ta sauko da akwati. Jiya ta ce mini ita ba ta da fargaba, ta san mijinta ya zayyana wa kwamitin komai. Na ce shayi ya huce, na tashi.

Rahoton zai fito farkon Mayu. Ka rubuta mata kafin nan, daga bakinka za ta ji, ni ba zan ɗauki wannan kayan ba.

Gwaggo Maud da Kawu Septimus suna gaishe ka. Ka gai da ɗan uwanmu Basil in kun haɗu, ka ce masa na ga tasa takardar ma.

Yayarka mai ƙaunarka duk da haushi,
Winifred