Haƙorin Ba Gana

Birni, Damagaram, cikin damina

Yaya Kassim,

Gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya kai da iyali. Yaya zafin Agadas?

Bayan haka, ruwan bana ya zabge katangar bayan gida, ya tone kabarin Ba Gana, kakan mahaifinmu, har ƙasusuwa suka fito fili. Kafin a sake rufe shi, Malama Ummul Khairi, mai binciken tsoffin ƙasusuwa a jami'a, ta zo ta duba. Ta ce akwai abin da suke kira ADN, da shi ake gane cutar mutum daga haƙori ɗaya, ko ya shekara ɗari a ƙasa.

Yaya, na ba ta haƙorin. Ka san tun muna lakwal, makarantar boko, ake kiranmu jikokin kuturu saboda hancinsa da aka ce ya ɓurma. Yanzu iyayen Rashid, mai neman auren ɗiyata Wasila, sun fara ja da baya a kan wannan magana. Na ce in ba kuturta ba ce, sai mu huta.

Ƙanwarka, Kaltuma

Birni, bayan girbi

Yaya Kassim,

Ina gaishe ka, ina tambayar lafiyar yara. Ni dai barci ya ƙaurace mini.

Sakamako ya zo daga laboratuwar, ɗakin binciken su Malama. Ba kuturta ba ce. Tunjere ne, ciwon nan da ake ɗauka wurin kwanciya, in ji Malama, ko wani danginsa, sai sun ƙara dubawa. Inna Rakiya, ƙanwar mahaifinmu, tana tsakar gida, ƙarshen maganar bai shiga kunnenta ba. Ta ɗora hannu a ka ta ce, "Kuturta jarrabawar Allah ce, wannan fa? Mutumin da ya ja salla a unguwar nan!" Kafin la'asar labari ya kai kasuwar Zango. Inna ta daina cin tuwona.

Ka sa mu a addu'a.

Kaltuma

Birni, bayan azumi

Yaya Kassim,

Barka da salla, Allah ya maimaita mana.

Malama ta dawo. Ta ce ba na kwanciya ba ne, danginsa ne da yara ke ɗauka wurin shan ruwa a moɗa ɗaya. Da alama yana ƙarami ya kamu. Na tambaye ta sunansa da Hausa don in faɗa wa mutane, ta ce ita ma ba ta sani ba.

Duk da haka na tafi suna gidan su Rashid, na tsaya gaban mata na yi bayani. Suka saurara. Uwar Rashid ta ce, "Allah sarki, bawan Allah, an ɗauki alhakinsa." Har na ji sanyi a raina.

Sai aka kawo fura. Kowa ya sa ludayi a ƙwarya ɗaya, ni aka zuba mini tawa a wani tsohon kofi. Da na gama, na ga an ɗauke shi da bakin zani an yi bayan gida da shi. Wasila tana zaune kusa da ni, ta gani.

Yaya, ka zo. Ban san da wace fuska zan sake fita ba.

Ka gaida kowa da kowa.

Taka, Kaltuma