Uzuri Iri Biyu Ne

Zuwa ga ƙanena, Autan Inna,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Yau shekara huɗu da wata bakwai rabona da gida, tun ranar da ka rako ni tasha kana riƙe da jakata. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ku lafiya, ya ba Inna sauƙi, ya raya mana zuri'a. Ni ma lafiya lau, sai ciwon bayan nan da ka sani, wanda ya zama abokin zama. Na ji maiɗakinka ta sauka lafiya, Allah ya raya, ya sa mai jinƙan iyaye ce. Hoton jaririyar na nuna wa mutanen shago, duk sun ce kunnuwanka ta ɗauko, na ce to Allah ya ba ta haƙuri. Na zaɓi in rubuto da hannu ne don abin da ke bakina ba ya faɗuwa a waya. Da na ji muryar Inna a bayanka sai harshena ya yi nauyi.

Saƙonninka biyu sun iso ni rana ɗaya. Na safe shi ne tallar laccar mutumin nan na wajenmu da ke zagaya garuruwa yana koya wa masu aikin albashi yadda za su kafa nasu, ka ce zai zo garin da nake, in je in ji ko na daina zama yaron shago da furfura. Na yamma kuwa shi ne wanda ka fara da cewa wani uzuri ya taso: likita ya ce sai an cire yanar idon Inna, duka biyun, kafin ta rufe gaba ɗaya. Na so in ce maka wasan safen bai dame ni ba, amma ƙarya ba kyau tsakanin 'yan'uwa. Ya dame ni.

Ga abin da ba ka sani ba. Maigidana, tsohon da nake yi wa aikin gyaran kujerun kushin, hannunsa ya fara rawa, zare ma sai na zura masa. Zai rufe shago idan hayarsa ta ƙare, nan da shekara guda. Akwai babban keken ɗinkinsa mai cin fata da leda kamar tsumma, wanda ni nake zama a kansa tun zuwana, na san kukansa kamar yadda na san tarin Inna. Ya ce zai bar mini shi a kan albashina na wata biyar, alhali wani dillali ya taya fiye da haka. Da keken nan da hannuwana, ko a rumfar ƙofar gidanmu na kafa shi, na dawo gida ke nan. In babu shi, ranar da aka rufe shagon zan koma neman mai ɗaukar ɗan shekara arba'in da shida mai ciwon baya. Ranakun hutuna nake bi gidajen mutane ina ɗinke kujerun da yara suka farka, da haka na tara kusan na wata huɗu, ban gaya wa kowa ba.

Na je laccar, har da kuɗin shiga na biya. A wani zauren haya aka yi ta, a saman bene, kujerun roba jere, fanka ɗaya tana aiki ɗaya tana kallo. Mun fi mutum ɗari, masu gadi da direbobi da masu wanki da guga, kowa ya sa rigarsa ta kirki. Mutumin ya iya magana, ba zan rage masa ba, kuma da harshenmu ya yi ta, har na ji kamar ina gida. Ya ce babu ranar da hidima za ta ƙare, wanda ke jiran ta ƙare kafin ya fara zai mutu yana jira. Ya ce abin da ke kashe talaka uzuri ne, kullum uzuri, mu daina kawo uzuri. Aka yi ta tafi. Daga nan ya sa aka raba mana takarda, ya ce kowa ya rubuta abubuwa uku da suka fi cin kuɗinsa, ya soke ɗaya yanzu-yanzu, abin da ya soke shi ne jarinsa. Wani mai gadi da ke kusa da ni ya soke sigari yana dariya, ya ce dama matarsa ta daɗe da soke ta. Na duba tawa takardar. Na rubuta Inna, na rubuta yara, na rubuta gida. Na riƙe biro har yatsana ya yi sanyi. Mai gadin ya leƙo ya gani, sai ya daina dariya.

Da aka ba da damar tambaya na miƙe, ni da ko a taron dangi ba na magana. Na ce ya taimake ni da fassara, don a wajenmu uzuri iri biyu ne da suna ɗaya. Akwai wanda malalaci ke kawowa idan an ce ya tashi, akwai kuma wanda ke tasowa da kansa ya kira ka a waya, ya ce mahaifiyarka ba ta gani. Na ce wanne yake so in daina. A nan ne mutumin ya burge ni, domin bai yi mini dabarar baki ba. Ya ajiye lasifikar. Ya ce shekara uku da ya yi yana kafa kasuwancinsa ko sabulu bai saya wa gidansu ba, yayansa ne ya riƙe komai, kuma har yau yayan nan direban wani ne. Ya ce bai taɓa faɗar haka a lacca ba, don ba wanda ya taɓa tambaya.

Da ƙafa na koma masauki, ina tafe ina juya maganar. Ashe duk wanda ya tsaya gaban jama'a yana ba da labarin yadda ya fara da hannu wofi, akwai wani a bayansa da ba a gayyata lacca ba. An ce babba juji ne, kuma ban taɓa ƙin a zuba ba. Rufin ɗakin Inna da ruwa ya ɗaye, jinyar Baba har Allah ya karɓi abinsa ban ga gawarsa ba, kuɗin makarantar 'ya'yan Yaya tun rasuwar mijinta, kayan lefen aurenka. Sau uku ina tara abin kirki, sau uku uzuri yana tasowa. 'Yata ƙarama da na bari a ciki, uwarta ta ce idan waya ta yi ƙara sai ta ce Baba ya zo. Ba gori nake maka ba, Auta. Na san kai ne kake ɗaga Inna zuwa bayi, kai kake yini a layin asibiti, kai ake tasa idan jikinta ya motsa, albashinka na koyarwa kuma sai ya ga dama yake zuwa. Ni kuɗi nake aikowa, kai jikinka kake bayarwa, kuma ban san wanda ya fi wani gajiya ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Kuɗin aikin idon na tura jiya, cikakke, ka je ka karɓa. Kada a jinkirta, kada kuma a gaya wa Inna daga inda aka ciro shi. Wannan ba ya cikin abin da ake shawara.

Abin da nake roƙo shi ne wannan, kuma Allah ya sani da kunya nake rubuta shi, don ba a saba wa ya miƙa wa ƙane hannu ba. Albashina kashi uku nake yi: na haya da ci, na maiɗakina da yara, da na babban gida. Ina so ka riƙe mini na babban gidan wata goma sha biyu. Ka zama yayana na shekara guda. Maganin Inna da cefane da kuɗin makarantar marayun nan, ku zauna kai da Yaya da Kawu ku ga yadda za a yi. Babban ɗan Yaya ya isa ya kama wani abu. Idan abu ya kai ga rai, ka kira ni ko ina nake, wannan ba na jiran shekara ba ne. Wanda bai kai nan ba, ka rufa mini asiri kada in ji shi, domin in na ji ba zan iya ƙin aikowa ba, ka san halina. In ka ɗauka, keken ya zama nawa, in dawo in ɗauke maka fiye da abin da ka ɗauke mini. In ka duba ka ga ba za ka iya ba, ka faɗa mini gaskiya da wuri, in sallami tsohon ya sayar wa dillalinsa, kada in riƙe shi a banza. Wallahi ba zan riƙe ka a zuciya ba. Zan dai san matsayina.

Ka gaishe mini da Inna, ka ce ta yi ta sa mini albarka, ina so in dawo ta gan ni da idonta. Ka gaida Yaya da marayunta, da Kawu, da Gwaggo mai faɗa, ka ce har nan ina jin muryarta. Ka gaida mai jego, ka shafa mini kan jaririya. Maiɗakina zan rubuta mata tata daban, kada ta ji wannan a bakin kowa.

Ni ne yayanka, mai jiran amsarka.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya, don haka ga abin da na mallaka yau bayan na tura na asibiti: albashin kwana ashirin da shida, babban almakashi ɗaya, guduma ɗaya, bindigar buga ƙusa da na saya ta hannu, basilla takwas, da ragowar yadin kujera da bai kai ya rufe mai zaman mutum biyu ba. Shi ke nan.