Shokolar da Kuka Jera a Katin Magani

Zuwa ga shugaban kamfanin da ke yin shokolar yara mai ƙwaya-ƙwaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da ma'aikatanka. Amma kafin in zo kanka, ranka ya daɗe, ke uwa mai karanta wannan buɗaɗɗiyar takarda: ajiye ta, ki je ki duba inda maganin gidanki yake. In hannun yaro zai kai, ki ɗauke, sannan ki dawo.

Ni matar aure ce a Magariya, uwar ƴaƴa huɗu. Na yi lakwal, wato boko, har kwaleji, don haka ba zan fake da jahilci ba.

Na ɗaya, abin da kuka ƙera. Kun yi shokola ƙanana, ja da ɗorawa da fari, kun jera su a kati mai bayan azurfa, sai an danna da babban yatsa take fitowa. Haka ake jera ƙwayoyin magani, ba bambanci. Dala goma ake sayar da kati a kowane tebur. Autata Nana, mai shekara uku, a kan katinku ta koyi dannawa.

Na biyu, abin da na yi. Da damina masu rabon maganin rigakafin masassara suka zo gida-gida. Nana ta ƙi sha saboda ɗaci. Sai na ɗauko katinku, na haɗa da katin maganin, na nuna mata, na ce ai duk shokola ce. Ta sha. Har na koya wa maƙwabtana dabarar, ina taƙama.

Na uku, abin da ya biyo baya. Surukata, Inna, ta zo daga Guci tana zaune da mu saboda hawan jini. A ƙarƙashin matashin kai take ajiye maganinta. Wata hantsi ina shanya, na ji Nana ta yi shiru. Na same ta a ɗakin Inna, kati a hannu, gurbi huɗu babu komai, wuyanta ya saki. A kan kabu-kabu na rungume ta har asibiti. Kwana biyu ana ƙara mata ruwa. Allah ya bar mana ita.

Dangi kaf suka ɗora wa Inna laifi. Maigidana, wanda bai taɓa ɗaga wa mahaifiyarsa murya ba, ya ɗaga a ranar. Ni kuwa, mai yi wa matan unguwa faɗa kan sakaci, na yi gum. Tsohuwar ta daina shan maganinta, ta ce ba ta son ganinsa. Ta ɗaure kayanta za ta koma Guci, inda ba mai kula da ita.

Jiya na durƙusa gabanta da ɗanta na faɗi gaskiya. Ba ta kwance kayan ba tukuna. Tunda a bainar jama'a aka zarge ta, a bainar jama'a nake wanke ta.

Ranka ya daɗe, ƙaryar tawa ce. Amma da ba ku yi wa alawa kamar magani ba, da yarinyar ba ta yarda da ni ba. Masu zana muku kaya sun yi tunanin abin da zai ja idon yaro, ba su yi tunanin ɗakin tsohuwa mai ciwo ba.

Ina roƙon ku daina wannan kati. Ku zuba a leda, ku sake siffar ƙwayar, ku janye na kasuwa. Gargaɗi da Faransanci a bayan kati ba zai yi ba, mai shekara uku ba ta karatu.

Allah ya sa albarka a sana'arka, ya tsare naka ƴaƴan daga abin da na gani.

A gidana kuwa na kafa doka. Magani yana cikin akwati, makulli a wuyana, ni zan riƙa miƙa wa Inna nata safe da yamma. Yaron da zai sha magani za a gaya masa magani ne, da ɗaci, ko zai yi kuka har la'asar.

Wassalam,
Maman Nana, Magariya