Abin da Kakanka Ya Jefo Daga Sama

Recife, 9 ga Mayu, 2003

Zuwa ga jikana Josenildo,

Bayan gaisuwa mai yawa, da fatan kana lafiya a Texas, Allah ya tsare mini kai. Mu nan lafiya lau, sai gwiwata da ba ta shiri da damina. Gwaggonka Creuza ta sauka, namiji, da kunnuwa irin naka, Allah ya ba shi haƙuri.

Uwarka ta ce wai ranar bikinka za ka miƙe gaban surukai ka ba da labarin yadda kakanka Ademar ya yi wa Jamus ruwan bama-bamai da jirgin B-17. Ta kuma ce kakan amarya ya tuƙa irinsa a yaƙin duniya na biyu, yana nan da ransa da hankalinsa. Ina jin haka na ɗauko biro da takarda. Ɗan nan, ni na ƙaga labarin don ka daina kuka ka ci abinci, kai kuma ka haɗiye har da ƙaya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ni na haƙa, kai za ka faɗa.

Su Amurka da Ingila suka kai jirgin nan yaƙi. Sojojin samanmu sai shekara shida bayan an gama yaƙin aka ba su ɗumamensa, suna neman waɗanda suka ɓace a teku. Kakanka kuwa makanike ne. Abu ɗaya ya taɓa jefowa, gwangwanin ruwan sha, ga masunta uku da suka kwana biyar teku na yawo da su. Don iya saiti, ya karya wa ɗaya ƙafa. Ubana ne. Ademar ya zo ban haƙuri da hula a hannu, na kawo masa kofi, shi ke nan ya ƙi tafiya. Baba ya mutu yana ɗingishi, yana cewa an ceci ransa an sace masa 'ya.

Marigayi kakanka ya sha roƙona in daina zancen Jamus, wai ruwan nan bai ishe ni alfahari ba ne? Dariya nake masa. Yanzu ba ya nan balle in nemi gafararsa, sai taka. In ka miƙe, wannan za ka faɗa, kada ka ƙara gishiri, na ƙarar da na gidanmu.

Ka gai da amarya da tsohon matuƙin. Uwarka, Creuza da kawunka Genival suna gaishe ka.

Kakarka da ta tuba,
Zuleide

Na manta: masuntan biyu ne, ba uku ba.