Ina Neman Garin Da Ba A San Malam Ba

Gwaggo Batulu, don Allah ki taimake ni da shawara, ki kuma yi haƙuri da tsawon takardar, abin ne ya daɗe yana cina. Ni matar aure ce a birnin Zariya, wajen Ƙofar Jatau, ina koyarwa a firamare. Maigidana ma'aikacin gwamnati ne, amma aikin da ake ba shi albashi a kai shi ne ƙarami. Babban aikinsa a zaure yake. In za a ɗaura aure shi ne wakili, in maƙwabta sun yi rigima kan katanga shi ne mai sulhu, in yaro ya gama makaranta bai sami aiki ba wurin Malam ake kawo shi, sai ka ce shi ya haife shi. Mutum ne da bai iya cewa a'a ba. Ni kaɗai yake iya ce wa, ita ma sai ya yi ta kewaye-kewaye.

Bara da damina ya yanke jiki ya faɗi a tsakar gida yana alwala. Likita ya ce hawan jini ne, ya ba shi magani, ya kuma ce lallai ya riƙa barin gari lokaci-lokaci, ko na kwana biyu ne, ya je inda babu mai kiran sunansa. Likitan ya ja ni gefe ya gaya mini faɗuwa ta biyu ba lallai ta zo da sauƙin ta farko ba. Malam kuwa ya hana ni gaya wa kowa. Wai in mutane suka ji za su ji nauyin kawo masa buƙatunsu, su cutu. Sai aka shaida wa unguwa santsi ne ya kwashe shi.

To ga inda matsalar take. Malam ba ya barin gari sai ya bi gida-gida ya yi sallama, don kuwa haka ya tashi ya ga mahaifinsa yana yi. Kin kuwa san mutanenmu, ba su yarda ana tafiya don hutu kawai ba. Kowa sai ya tambaya ko lafiya, wa ya rasu, wa ya haihu. In Malam ya ce babu komai, sai a ce to madalla, tunda babu komai ga ɗan saƙo.

Mun fara da Funtuwa don tana kusa. Kafin mu fita ƙofar gari, fijonmu ruwan toka ta cika da ƙullin kuka da daddawa, da keken ɗinkin wata amarya, da Iya Sailuba, tsohuwar bayan gidanmu, wadda ta ce dama tana neman mota. Muka yini muna rabon saƙo. Ko'ina sai an kawo abinci, ko'ina sai Malam ya ci don kada a ji haushi, gishirin da likita ya hana kuwa ranar ya rama na wata guda. Da muka ce za mu gidan saukar baƙi, dangi suka ce Allah ya kiyaye, wannan abin kunya ne suna raye. Aka kai ni cikin mata, aka kai shi zaure. An ce Funtuwa gari ne mai daɗin zama. Ni dai ta tagar mota na gan ta.

Na biyu ni na zaɓa, Kagoro, don na bincika ba mu da ko ɗan'uwan kaka a can. Gaskiya, Gwaggo, garin ya yi. Ga dutse a tsaye a kanka, ko'ina kore shar, iska mai sanyi, ba ka jin komai sai tsuntsaye. Har na ga Malam ya yi barcin rana, abin da rabona da gani tun ina amarya. Na zauna ina kallonsa, hawaye suka zubo mini don daɗi. Washegari Juma'a ya tafi masallaci a Kafanchan. Can wani ɗan kasuwa Bazazzagi, Alhaji Nasidi, ya gane shi ta kamannin mahaifinsa. Malam ya fita shi kaɗai, ya dawo da mutum uku da rikicin gadon shago. A gindin mangwaron masaukinmu aka buɗe sabon zaure, ni kuma na koma dafa shayi.

Na uku Tiga, bakin dam. Wannan karon na roƙe shi har da kuka kada ya yi sallama. Ya yarda, ya ce liman kaɗai zai gaya wa don a sa mu a addu'a. Liman kuwa, Allah ya saka masa, bayan an sallame salla ya miƙe ya roƙi jama'a su yi wa Malam addu'ar zuwa Tiga lafiya. Ashe rabin unguwa ba su taɓa ganin dam ba. Muna hanya na waiwaya na ga bas ta haya tana bin mu, cike da 'yan rakiya. Ruwan yana da kyau, kifin yana da daɗi, haka suka ce. Ni ce na soya.

Yanzu hutun makaranta ya matso, ina tunanin Argungu ko Pankshin. An ce Argungu akwai kogi da natsuwa amma da zafi, Pankshin kuma sanyi da duwatsu amma da nisa. Wanne kike ganin ba za a san shi ba? Ina jin kunyar faɗa, amma na fara jin haushin mutanen da suka yi mana komai a rayuwa. In na ji sallama a ƙofa sai gabana ya faɗi. Ƙafafunsa sun fara kumbura, yana ɓoye mini. Tsorona kada wata rana su cika zauren nan maƙil, ba don buƙata ba, don zaman makoki.

Taki,
Matar Mai Jama'a, birnin Zariya

*

'Yata, na karanta takardarki na yi dariya, da na kai ƙarshe dariyar ta tsaya.

Garuruwan nan ba su yi miki laifi ba. Funtuwa ta yi kusa, duk wanda ya je daga Zariya ziyara ya je, ba hutu ba. Tiga tana da kyau ga mai son ruwa, in bai zo da bas ba. Kagoro kuwa ta yi aikinta, tunda ta sa mijinki barci. Ba garin shiru kuka rasa ba, Zariya ce kuke lodawa a bayan mota ku tafi da ita. Ko Argungu kika kai shi, in ya bi gida-gida kafin ya tashi, zai tarar da ita tana jiransa a tasha.

Amma ki sassauta wa maƙwabtanki. An ce musu santsi ne, su kuma sun yarda, wanda santsi ya kayar ai ba a hana shi kai keken ɗinki. Mutanen nan su ne za su fara tsayawa a kanku ranar da wani abu ya faru, kin sani. Shi ma Malam ba sakarci yake yi ba. Sallama tarbiyya ce mai kyau, kuma mutumin da ya saba ana nemansa yana tsoron ranar da zaure zai zama wayam. Wannan tsoron ne ya sa ya ɓoye ciwon, ba tausayin jama'a kaɗai ba. Ki gaya masa haka cikin ladabi, ki tuna masa cewa duk mai buƙata yana da wani wurin zuwa, ke da yaranki ba ku da wani Malam.

Ki sami babban wansa ko kawunsa, wanda yake jin nauyinsa, ki gaya masa abin da likita ya faɗa, ba ragi. A samo wanda zai riƙa zama a zauren wasu ranaku. Limaminku kuma tunda Allah ya ba shi baiwar sanarwa, a ba shi wadda za ta yi amfani. In za ku tafi, ku bar fijo a gida ku shiga motar haya, wanda ba shi da but ɗin mota ba a ba shi daddawa. Ku tashi ranar Asabar, kada Juma'a ta same ku a can. Sallamar kuma a juya ta: in kun dawo ya bi gida-gida da ɗan tsaraba ya ce ga shi ya dawo, ba wanda zai ce an raina shi. Maganar kumburin ƙafa kada ta jira hutu, ku koma wurin likita a makon nan.

Kin ɓoye sunanki, amma kin faɗi unguwa, kin faɗi launin mota, kin kira Iya Sailuba da sunanta. Ranar da jaridar nan ta fito, kafin azahar duk Ƙofar Jatau sun san ba santsi ba ne. Na ɗauki biro zan goge, sai na fasa, don malamar makaranta ba ta irin wannan mantuwar. In Malam ya yi fushi, ki ce laifin Gwaggo ne. Fushinsa na kwana biyu ya fi miki takaba.

Tsakanin Argungu da Pankshin kuwa, ki zaɓa a ranki, kada ki gaya wa kowa, har ni. Ina da ƙanwa a ɗaya daga cikinsu, kuma akwai wani ƙullin yaji da na daɗe ina neman mai kai mata.

Allah ya ba Malam lafiya, ya ƙara miki haƙuri, ya kai ku ya dawo da ku ba tare da kowa ya san inda kuka je ba.

Gwaggo Batulu