Kada Ka Kai Musu Fetur

Umdurman, watan Rajab 1433

Zuwa ga ɗana Mainasara,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka lafiya, kai da iyalinka. Mu nan lafiya lau. Ƙafar kakarka Gogo ta yi sauƙi, 'yar'uwarka Mawahib kuma ta koma ɗinkinta a Kasuwar Libiya.

Bayan haka, Jibirin direban lori ya dawo daga arewa ya ba ni labarin da ya hana ni cin abinci. Ya ce kamfanin zinariyar da kake tuƙa wa motar tono ya kai shinge har maƙabartar mutanen ƙauyen da ke wurin, an kuma hana su rijiyarsu. Ya ce samarin ƙauyen sun yi shawarar ƙona motocin, kai kuma ka yi musu alkawarin fetur. Na tambaye shi ko akwai mai kwana a wurin motocin, ya ce akwai mai gadi, wani tsoho Dogo.

Kada ka ɗauka ban san zafinsu ba. A kambo, sansanin ma'aikatan auduga na Jazira, na haife ka. Gogo da hannunta ta binne cibiyarka a bayan ɗakinmu, yadda ake yi a gidanmu tun kakanni, don yaro ya san inda ya fito. Da aka tashe mu, ina tsaye aka bi ta kan wurin da garma. Har yau ban yafe ba. Mutanen nan suna da gaskiya, ƙasarsu ce, matattunsu ne. Amma masu kamfanin suna Khartoum cikin sanyi, wutar ba za ta kai gare su ba. Dogo za ta samu. In sojoji suka zo kuma, kai baƙo za a fara nunawa.

Ba kuma cewa nake ka koma kan motarka ka yi shiru ba. Wannan ya fi muni. In kana son taimakonsu, ka ajiye wa kamfanin makullin motarsu da rana tsaka, ka je ka zauna bakin maƙabarta tare da dattawan ƙauyen, kowa ya gan ka. In an kama ka a can, zan zo da kaina ba tare da kunya ba. In ka kai fetur, ko ka sa motar nan a kan kabari, ban yarda ba, duniya da lahira.

Ka gaida Hala da yara, da kawunka Hadi. Ka gaida Dogo, ka dubi fuskarsa da kyau.

Mahaifiyarka,
Bakhita